Tarihin Tsutsar Kwamfuta da Hanyoyin Yaɗuwarta

Masana tsaron kwamfuta suna bambanta tsutsa da ƙwayar cuta, ko da yake jama'a kan kira su da suna ɗaya. Ƙwayar cuta ɗan guntun umarni ne da ke maƙalewa a jikin wata manhaja ko wani fayil, ba ta motsi sai an buɗe abin da ta maƙale masa, kuma ba ta tsallaka zuwa wata na'ura sai wani ya ɗauki fayil ɗin ya kai. Ita kuwa tsutsa cikakkiyar manhaja ce mai zaman kanta, wadda da zarar ta samu shiga kwamfuta guda sai ta shiga neman wasu ta hanyar sadarwar da ta haɗa su, ta kwafe kanta zuwa cikinsu, su ma su ci gaba da nema. Duk wanda ya bibiyi tarihinta zai tarar ƙofofi biyu take bi, wato amanar da ke tsakanin mutane masu musayar saƙo, da kuma ɓarakar da ke jikin manhaja wadda masu kwamfuta suka yi sakacin toshewa, kuma sau da yawa waɗannan ƙofofi sun fi basirar marubucin tsutsar tasiri wajen yawan ɓarnar da ta auku.

Asalin abin bai zo da mugun nufi ba. A 1971 wani injiniya mai suna Bob Thomas na kamfanin BBN a Amurka ya rubuta manhajar Creeper, wadda take ƙaura daga kwamfuta zuwa kwamfuta a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, domin kawai a gwada ko hakan zai yiwu. Daga baya John Shoch da Jon Hupp na cibiyar bincike ta Xerox PARC suka gwada irin wannan manhaja da nufin ta riƙa neman kwamfutocin da ba a aiki da su da dare ta ba su aikin lissafi, amma wani dare wani kwafinta ya lalace ya tsayar da na'urori masu yawa a cibiyar, suka wallafa bayanin abin da suka gani a 1982. A Disamban 1987 kuma aka ga alamar farko ta abin da imel zai iya jawowa, lokacin da wani saƙon gaisuwar Kirsimeti da ya taso daga wata jami'a a Jamus ya riƙa karanta jerin adireshin duk wanda ya buɗe shi yana aika kansa gare su, har ya cunkushe hanyar sadarwar cikin gida ta kamfanin IBM.

Ranar da ta sauya yadda ake kallon lamarin ita ce 2 ga Nuwamba 1988, lokacin da Robert Tappan Morris, ɗalibin babban digiri a Jami'ar Cornell, ya saki tsutsarsa daga wata kwamfuta ta jami'ar MIT. Wannan tsutsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin da dama daga cikin dabarun da aka yi amfani da su cikin shekaru talatin da suka biyo baya suna cikinta. Ta farko ita ce wata kafa da aka bari a buɗe cikin manhajar isar da imel mai suna sendmail, wadda masu rubuta manhajar suka tanada don gwaji amma aka manta ba a rufe ba. Ta biyu ita ce abin da ake kira ambaliyar ma'ajiya, wato a tura wa manhaja bayanan da suka fi wurin da ta ware musu yawa, ta yadda rarar za ta malala zuwa sashen ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke ɗauke da umarni, sai kwamfutar ta zartar da umarnin baƙo a zaton nata ne. Ta uku kuwa ita ce cankar kalmar sirri, inda tsutsar take gwada sunan mai asusu da wasu 'yan ɗaruruwan kalmomi da mutane suka saba zaɓa, kuma idan ta dace sai ta bi amincin da ke tsakanin kwamfutar da maƙwabtanta ta shige su ba tare da an sake tambayarta komai ba.

Morris bai sa wa tsutsarsa umarnin goge ko satar komai ba, amma ya tsara ta yadda ko ta tarar da 'yar'uwarta a cikin kwamfuta za ta sake shiga sau ɗaya cikin bakwai, don kada a yaudare ta da amsar ƙarya, kuma wannan ne ya sa kwafe-kwafenta suka taru a na'ura guda har suka shaƙe ta. An ƙiyasta cewa ta kama kwamfutoci kusan 6,000 daga cikin kimanin 60,000 da ke kan intanet a lokacin. A 1990 kotu ta same shi da laifi a ƙarƙashin dokar zamba da cin zarafin kwamfuta ta 1986, aka yanke masa shekara uku na zaman sa ido, da awa 400 na hidimar al'umma, da tarar dala 10,050. Abin da ya fi hukuncin amfani shi ne cibiyar kai ɗaukin gaggawa ta CERT da aka kafa a Jami'ar Carnegie Mellon cikin watan da abin ya faru.

Da imel ya shiga ofisoshi da gidaje a ƙarshen shekarun 1990, sai marubuta tsutsa suka gano cewa babu buƙatar fasa manhaja idan ana iya sa mutum ya buɗe ƙofa da hannunsa. A Maris 1999 wata manhaja mai suna Melissa ta bazu a cikin wata takardar Microsoft Word da aka liƙa a saƙo, wadda da an buɗe ta sai ɓoyayyen umarnin da ke ciki ya shiga littafin adireshi na manhajar imel ta Outlook ya aika takardar ga mutum hamsin na farko, da sunan mai kwamfutar. Marubucinta, David L. Smith na jihar New Jersey, ya samu ɗaurin wata ashirin. Shekara guda bayan haka, a farkon Mayu 2000, tsutsar ILOVEYOU ta taso daga Manila ta ƙasar Filifin a siffar wasiƙar soyayya, ta bi fitowar rana daga Asiya zuwa Turai zuwa Amurka yayin da ma'aikata ke buɗe akwatunan saƙonsu da safe. Fayil ɗin da ke liƙe ya yi kama da rubutu zalla saboda Windows kan ɓoye ƙarshen sunan fayil, alhali kuwa umarni ne, wanda yake aika kansa ga kowa da kowa a littafin adireshi, ya danne hotuna da wasu fayiloli da kwafinsa, ya kuma yi ƙoƙarin sauko da manhajar satar kalmar sirri. Ba a hukunta Onel de Guzman, ɗalibin da aka danganta ta da shi ba, domin ƙasarsa ba ta da dokar da ta haramta hakan sai a watan Yunin shekarar.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan waɗanda suka buɗe saƙon, domin daga abokin aiki ko ɗan'uwa ya zo musu, kuma manhajar da ta bar saƙon baƙo ya mallaki littafin adireshi ba tare da neman izini ba ita ce ta fi kowa alhaki.

Zangon da ya biyo baya ya cire ɗan Adam daga lissafin gaba ɗaya. Tsutsar hanyar sadarwa takan ƙirƙiri lambobin adireshin intanet barkatai, ta ƙwanƙwasa kowanne, duk inda ta tarar da manhaja mai ɓaraka sai ta shige, kuma tunda kowace kwamfutar da aka kama takan zama sabuwar mai nema, yawansu yakan riƙa ninkawa. Code Red ta kama manyan kwamfutoci masu ɗauke da shafukan intanet kimanin 359,000 cikin ƙasa da awa goma sha huɗu a ranar 19 ga Yuli 2001. Slammer, wadda ta ɓarke a 25 ga Janairu 2003, girmanta bai wuce bayit 376 ba, ta yadda take shiga cikin ƙunshin saƙo guda ba ta jiran amsa, yawanta yana ninkawa duk bayan daƙiƙa takwas da rabi, har ta kama mafi yawan na'urori kusan 75,000 da ta shafa cikin minti goma, ta durƙusar da intanet a Koriya ta Kudu, ta tsayar da dubban na'urorin cirar kuɗi na Bank of America. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya fitar da facin ɓarakar da Code Red ta bi wata guda kafin ɓarkewarta, na Slammer kuwa wata shida cur kafin nan, facin yana nan kyauta amma ba a ɗora shi ba.

Daga wajen 2003 manufar masu sakin tsutsa ta sauya daga neman suna zuwa neman kuɗi, kuma wannan ya sauya abin da ke samun kwamfutar da aka kama. Maimakon a lalata ta, sai a bar ta tana aiki lafiya lau, a buɗe mata ƙofar baya, wato wata ɓoyayyiyar hanya da mai tsutsar zai riƙa aiko da umarni daga nesa, a kashe manhajar kariyarta, a kuma rubuta sunan tsutsar cikin jerin abubuwan da ke tashi duk lokacin da aka kunna na'urar. Dubban irin waɗannan kwamfutoci sukan zama runduna guda a hannun mutum ɗaya, wanda zai yi hayar su ga masu aika saƙonnin talla da na damfara, ko ya sa su yi wa wani shafi rubdugu har ya faɗi. Mydoom ta Janairu 2004, wadda take zuwa a siffar sanarwar cewa wani saƙo ya kasa isa, ta buɗe irin wannan ƙofa, ta kuma kai wa shafin kamfanin SCO farmaki a ranar 1 ga Fabrairu. Conficker ta Nuwamba 2008 ta haɗa ɓarakar Windows da cankar kalmar sirri da bin filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ta kama miliyoyin na'urori, kuma tana ƙirƙirar sunayen shafuka 250 a kullum don neman umarnin ubangidanta, lamarin da ya tilasta kamfanoni da masu rajistar sunayen intanet na ƙasashe da dama haɗa kai don toshe su.

A ranar 12 ga Mayu 2017 WannaCry ta haɗa tsohuwar dabarar yaɗuwa da garkuwa da bayanai, inda take kulle fayilolin kwamfuta da lambar sirri ta nemi fansar dala 300 a kuɗin bitcoin. Makamin da ta yi amfani da shi, EternalBlue, daga hukumar tsaron Amurka ta NSA aka sace shi aka watsa a watan Afrilu, kuma ya kai ta ga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati sun shiga matsala, aka soke ganin likita kimanin 19,000, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitoci. Wani matashin mai bincike ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, ya dakatar da ita a ranar ta hanyar yin rajistar wani sunan shafi da ya gano a cikinta, daga baya kuma gwamnatocin Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakinta a kan Koriya ta Arewa. Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka tun ranar 14 ga Maris 2017, kusan wata biyu kafin tsutsar ta isa asibitin farko.