Man Jirgin Su: Yadda Ake Lissafinsa da Abin da Ƙetare Iyaka Ke Ƙara Masa

Masuncin da ke aiki a madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 kan kogin Karaduwa a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, yana iya tura kwale-kwalensa da filafili, ya zuba kalli da yamma, ya kwashe da safe ba tare da ya sayi fetur ko lita ɗaya ba. Sai dai ba duk kifin da ake ci a Dutsin-Ma da Kurfi ne ke fitowa daga Zobe ba. Akwai bandar da ake kawowa daga nesa, akwai kuma kifin teku da ke isowa cikin ƙanƙara. A manyan ruwaye, mai ne ke yanke nisan da jirgi zai yi, kuma yana daga cikin abubuwan da ke yanke kuɗin kifi a kasuwa.

Yadda inji ke shan mai

Galibin ƙananan jiragen su a gaɓar Afirka ta Yamma na katako ne, da inji da ake maƙalawa a baya. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne irin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, yawanci lita 1 ta baƙin mai cikin lita 50 ta fetur. Da awa ake auna shan man jirgi, ba da kilomita ba kamar na mota, domin iska da igiyar ruwa kan sa tafiya ɗaya ta ɗauki lokaci daban-daban. Inji mai ƙarfin doki 40 kan sha lita 15 zuwa 20 a awa idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya.

Nauyin kaya, da gansakukar da ta kama ƙasan jirgi, da farfelar da ta lanƙwashe, duk suna ƙara shan mai. Haka ma gudu: ɗan saurin da ake samu a ƙarshen wuta bai kai man da ake ƙonawa dominsa ba, shi ya sa gogaggun matuƙa ke sassautawa.

Ƙa'idar kashi uku

Matuƙan ƙananan jirage suna da tsohuwar ƙa'ida: kashi ɗaya na mai don tafiya, kashi ɗaya don dawowa, kashi ɗaya a ajiye. Dalilin ajiyar shi ne dawowa ta fi tafiya cin mai, tunda jirgin ya yi nauyi da kifi da jiƙaƙƙen taru, kuma iska na iya juyawa.

A ɗauki misalin jirgin da ke shan lita 15 a awa, wanda wurin sunsa ke da nisan awa 3. Zai buƙaci lita 45 zuwa, 45 dawowa, 45 ajiya, jimilla lita 135, da baƙin mai kusan lita 3. Idan lita tana Naira 1,000, fetur kaɗai ya ci Naira 135,000 tun ba a jefa taru ba. A tsarin rabo da yawancin masunta ke bi, sai an cire wannan kuɗi daga cinikin kifi kafin mai jirgi da ma'aikata su raba saura.

Iyakar da ba a gani

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa cikakken iko har mil 12 na teku, da haƙƙin kifi da sauran albarkatu har mil 200. Mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba biza, amma ba ta ba shi izinin su a ruwanta ba. Wannan sai da lasisin ƙasar da ke da ruwan. Kamaru kuwa ba ta cikin ECOWAS ma.

Saboda haka shirin tafiyar ƙetare ya ƙunshi rajistar jirgi, lasisin su, takardun shaidar kowane mutum, da sanin watannin da aka hana su da faɗin idon tarun da aka amince da shi. Mai kansa na iya zama abin tuhuma, domin jarkoki da yawa a jirgi ɗaya kan yi kama da fasa-ƙwauri. A Nuwamba 2019 hukumar kwastam ta Najeriya ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, umarnin da ya taɓa masu jirage a garuruwan bakin iyaka kamar yadda ya taɓa direbobin Jibiya.

Inda iyaka ta canza

A 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke cewa tsibirin Bakassi na Kamaru ne, aka kammala miƙa shi a 14 ga Agusta 2008. Masuntan Najeriya da suka gāji su a wurin suka wayi gari baƙi a ruwan da suka saba. Hukuncin ya shafi Arewa ma: Darak, a tafkin Chadi, inda masunta daga Najeriya, har da Hausawa, suka kafa zama suna bin ruwa yayin da yake janyewa, ita ma ta koma hannun Kamaru. A can yamma, masuntan Saint-Louis a Senegal sun dogara da lasisin da gwamnatinsu ke sasantawa da Muritaniya, kuma duk lokacin da yarjejeniyar ta tsaya, kame da ƙwace jirage kan biyo baya.

Hannun gwamnati

Kafin jawabin Shugaba Bola Tinubu na 29 ga Mayu 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin kwanaki ta kai wajen Naira 500, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ghana ta bi wata hanya tun shekarun 1990: tana sayar wa masu kwale-kwale gaurayayyen mai cikin rangwame ta hannun kwamitocin bakin ruwa. An daɗe ana sukar tsarin da karkatar da man da fifita 'yan jam'iyya, masana kuma na cewa mai mai araha yana ƙara yawan jirage a kan kifin da ke raguwa.

Nan ne tsaka mai wuyar take. Raguwar kifi kusa da gaɓa na tura masunta nesa, nisa na cin mai, tsadar mai kuma na sa wasu su rage ajiyar kashi na uku ko su kutsa ruwan maƙwabta ba lasisi. Najeriya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku a Agusta 2023, kuma dokarta ta hana manyan jiragen jan taru shiga mil 5 na farko daga gaɓa, domin a bar wa ƙananan masunta. Gwargwadon yadda aka tsare waɗannan mil 5, gwargwadon man da mai ƙaramin jirgi zai ƙona kafin ya tarar da kifi.