Nutso a teku: Yadda ake kula da kaya a jirgin ruwan shaƙatawa

Tun bayan da jirgin ruwan shaƙatawa na Aroya ya soma ɗaukar fasinjoji daga Jidda a watan Disambar 2024, Bahar Maliya ta ƙara kusantar matafiya Musulmi, ciki har da 'yan Najeriya masu zuwa Saudiyya.

Tekun dai ta yi suna wajen masu nutso da tukunyar iska a baya, dabarar da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka inganta a shekarar 1943.

To amma rayuwar mai nutso ta dogara ne a kan kayansa, kuma a cikin jirgi akwai ƙa'idoji.

Abin da ake ɗauka

Galibin kamfanonin jiragen ba sa yarda fasinja ya shiga da tukunyar da aka cika da iska, saboda ƙarfin matsin da ke cikinta ya kai kusan ninki 200 na iskar da ake shaƙa a waje.

Haka nan akan karɓe wuƙar nutso a bakin shiga.

Don haka akan yi hayar tukunya da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu a tashar da jirgi ya yada zango.

Abin da ya kamata mutum ya zo da nasa shi ne gilashin fuska, da na'urar shaƙar iska, da ƙaramar kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu, wadda ke ƙidaya zurfi da lokaci.

Cibiyoyin haya kuma kan nemi ganin takardar shaidar horo.

Gishiri da laima

Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kusan kashi 4 cikin 100.

Idan gishirin ya bushe a jikin kaya yana cin ƙarfe, yana kuma lalata roba.

Saboda haka ake ɗauraye komai da ruwan famfo bayan kowane nutso, tare da rufe bakin na'urar shaƙar iska don kada ruwa ya shiga.

A banɗaki ake shanya rigar roba, domin rana na ƙona ta, iska kuma na iya kwashe abin da aka rataya a baranda.

Hawa jirgin sama

Babban hatsarin yana zuwa ne bayan an kammala balaguro.

Duk zurfin mita 10 yana ƙara matsin da ya yi daidai da na iskar waje, kuma jiki na tsotsar iskar naitirojin.

Idan mutum ya hau sama da wuri, iskar kan zama kumfa a cikin jini, abin da ke iya jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma mutuwa.

Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla sa'o'i 12 bayan nutso ɗaya, ko 18 bayan nutso da yawa.

Wato ke nan wanda zai tashi daga Jidda zuwa Kano da safe, bai kamata ya yi nutso da yammacin ranar da ta gabata ba.