Batirin Mota: Tarihin Mazauninsa da Haɗarin Canza Shi

Batirin dalma da ke tayar da mota ya girmi motar kanta. A 1859 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, ya naɗe fallayen dalma biyu ba tare da sun taɓa juna ba, ya tsoma su cikin ruwan asid, ya samu batir na farko da ake iya sake yi wa caji bayan wutarsa ta ƙare. A 1881 Camille Faure ya gyara dabarar ta hanyar shafa ƙullun dalma a jikin farantan, wanda ya sa batirin ya riƙa ɗaukar wuta da yawa kuma ya yi sauƙin ƙerawa a masana'anta. Sai a 1886 Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai amfani da fetur. Har yau tsarin cikin batirin bai canza sosai ba: na yanzu yana da ɗakuna shida, kowane yana ba da bolt 2.1, jimla kusan 12.6 idan ya cika. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne inda ake ajiye shi a jikin mota, kuma kowane sauyi ya zo wa mai gyara da tasa wahala.

Motocin farko ba su damu da babban batir ba. Da handil ake murza inji, wata na'ura mai maganaɗisu ce ke ba fulogi tartsatsi, fitilun kuma na kananzir ne ko na gas. Handil mugun abu ne, domin idan inji ya yi tutsu ya juyo baya yakan karya wa mutum wuyan hannu ko haƙarƙari. Charles Kettering na Amurka ne ya haɗa na'urar tayar da inji da lantarki wadda kamfanin Cadillac ya sa a motocinsa na 1912. Ford bai fara sa ta a shahararriyar motarsa Model T ba sai 1919. Daga nan batir ya zama dole, sai kuma tambayar inda za a sa akwati mai nauyi, cike da asid, a motar da ba a zana ta da shi ba.

Amsar farko ita ce duk inda aka ga fili. Wasu sun ɗaure shi cikin akwatin ƙarfe a kan matakalar gefen mota, wasu sun rataye shi a jikin ƙashin motar ƙarƙashin daɓe, ta yadda sai an ɗaga katako ko an cire kujera kafin a gan shi. Batirin wancan zamani na baƙar roba mai tauri ne, an liƙe samansa da kwalta, kuma yana shan ruwa sosai, don haka sai an riƙa buɗe murafansa ana dubawa. A ƙarƙashin daɓe kuwa laka da ruwan hanya suna dukansa, mai mota kuma yana mantawa da shi har ya bushe. Wajen ƙarshen shekarun 1930 yawancin kamfanonin Amurka suka dawo da shi ɗakin inji. Akwai wani dalili bayan sauƙin dubawa. Batirin lokacin mai bolt 6 ne, kuma ƙaramin bolt yana buƙatar waya mai kauri, gajera, in ba haka ba wutar ta raunana kafin ta isa ga na'urar tayar da inji. Kusantar da batir ga inji ya magance wannan.

A tsakiyar shekarun 1950 injuna suka ƙara girma da matsi, bolt 6 ya kasa juya su. General Motors ya fara komawa bolt 12 a wasu motocinsa a 1953, Ford da Chrysler suka bi a 1956. A daidai wannan lokaci aka fara daidaita wani abu da ya daɗe yana rikita masu gyara, wato wane kan batir ake haɗawa da jikin mota. Ford kafin 1956 da yawancin motocin Ingila har cikin shekarun 1960 kan mai alamar (+) suke haɗawa da ƙarfen mota, wasu kuma mai alamar (−). Da altaneta ta maye gurbin tsohuwar dainamo wajen yi wa batir caji, bayan Chrysler ya sa ta a motarsa Valiant a 1960, kuskuren juya kawunan ya zama mai tsada, domin cikin ƙiftawar ido yake ƙona ƙananan na'urorin da ke cikinta. A ƙarshe duniya ta tsaya a kan haɗa (−) da jikin mota, kuma a kan wannan ne duk ƙa'idar cire batir ta ginu.

Ba kowace mota ce ta yarda da ɗakin inji ba. Mini ta Ingila, wadda ta fito a 1959, a but ta ajiye nata saboda gabanta ba wuri. Volkswagen Beetle, mai siffar kunkuru, ƙarƙashin kujerar baya ta sa shi, kuma ba ta koma bolt 12 ba sai wajen 1967. Wannan mazauni ya jawo gobara ba sau ɗaya ba. Ƙasan kujerar na wayoyin ƙarfe ne, batirin kuma yana da marfin da ke kare kawunansa. Idan marfin ya ɓace, ko aka sa batirin da ya fi na asali tsayi, sai mutum mai jiki ya zauna, ƙarfen kujera ya sauka a kan kawunan biyu, abin da aka cusa wa kujerar ya kama wuta a ƙarƙashin fasinja. Tun da an harhaɗa Beetle a Legas daga 1975, tsofaffin makanikai na Najeriya sun san wannan hali nata. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, ita kuwa Fijo 504 batirinta yana gaba a fili, da sifana ɗaya ake kwance shi. A kan irin wannan mota akasarin masu cajin batir da 'yan rewaya na Arewa suka koyi sana'a. Manyan motoci daban suke: batir biyu ake haɗawa su ba da bolt 24, a rataye a gefen ƙashin mota, shi ya sa direbobi ke yi musu kejin ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayi.

Abin da ya ba masu zana mota damar ɓoye batir da gaske shi ne fitowar wanda ba a ƙara wa ruwa, wanda kamfanin Delco ya kawo kasuwa a 1971. Tun da ba sai an duba shi kowane wata ba, ba dole ya kasance kusa da hannu ba. A lokaci guda ɗakin inji yana ta cunkushewa da na'urar sanyaya mota da sauran kayan zamani, zafinsa kuma yana ƙaruwa. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, yana ƙafar da ruwansa, yana cinye ragar dalmar da ke riƙe farantansa, abin da duk mai mota a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas ya sani daga yadda batir ke saurin mutuwa bayan bazara. BMW ya mayar da shi but a yawancin motocinsa don nauyi ya daidaita tsakanin gaba da baya. Mercedes ya sa shi ƙarƙashin kujerar baya a E-Class ta tsakiyar shekarun 1990. A Volkswagen Touareg da Porsche Cayenne ƙarƙashin kujerar gaba yake, sai an kwance notinan kujerar an kwantar da ita. Mafi ban takaici shi ne na Chrysler Sebring da Dodge Journey, inda yake a bayan marfin robar da ke saman tayar gaba ta hagu, har akan cire tayar kafin a kai gare shi. Dalilan injiniyoyin na gaskiya ne, amma a bayyane yake cewa wanda zai canza batirin a bakin hanya shi ne na ƙarshe da aka tuna da shi.

Waɗannan motoci su ne ke shigowa yanzu a matsayin na hannu daga Turai da Amurka, da matsalolinsu. Batirin da ke cikin but ko ƙarƙashin kujera yana da siririn tiyo da ke fitar da iskarsa waje, kuma sau da yawa idan aka canza shi sai a yar da tiyon ko a sa batirin da ba shi da kafar sa shi, iskar ta riƙa taruwa inda mutane ke zaune. Wata motar but ɗinta da lantarki yake buɗewa, idan batir ya mutu ya kulle kansa a ciki, shi ya sa ake barin wasu kawuna biyu a ɗakin inji don ba da wuta daga waje. Cire batir yakan goge abin da rediyo da gilasai da kwamfutar inji suka haddace. A wasu motocin, musamman na Jamus, sai an sanar da kwamfutar cewa an sa sabo, in ba haka ba ta ci gaba da yi masa cajin da ya dace da tsoho ta rage masa kwana. Motar da ke kashe inji da kanta a danja kuma tana da irin batirinta, na gama-gari ba ya jure mata.

Haɗarin kansa bai canza ba tun zamanin Kettering. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci ɗaya. Tun da duk ƙarfen mota a haɗe yake da kan (−), sifanar da ke kan (+) idan ta taɓa jikin mota tana iya yin ja wur ko ta manne, zobe ko agogon ƙarfe kuma ya ƙona fata har nama. Shi ya sa ake fara cire baƙar waya, wato ta kan (−), a kuma mayar da ita a ƙarshe: da zarar an cire ta, hanyar wutar ta yanke. Na biyu shi ne iskar haidurojin da batir ke fitarwa lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. Gwada batir ta hanyar karta waya a kansa don a ga tartsatsi, ko leƙa ruwansa da ashana, ya raba mutane da idanunsu, domin batir yana fashewa ne ya watsa asid a fuska. Saboda haka ne idan ana ba mota wuta daga wata, ake maƙala waya ta ƙarshe a jikin inji nesa da batirin. Wanda asid ya shiga wa ido sai ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kai shi asibiti. Ruwan kanwa yana wanke farin garin da ke taruwa a kawunan, muddin bai shiga cikin ɗakunan ba. Batirin da ake ƙara wa ruwa kuwa tataccen ruwa kaɗai yake so, tun da ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

Wasu ɗabi'u sun rage daga zamanin dainamo. Aron batir a tayar da mota sannan a cire shi inji yana aiki bai cika yi wa tsofaffin motoci lahani ba, amma a motar yau wutar altaneta takan yi tsalle ta ƙona kwamfuta. Buga kan batir da guduma ko cusa ƙusa don ya kama yana fasa inda dalma ta haɗu da roba. Batirin da aka bari ba maɗauri, ko aka ɗaure da tsumman tiyub, girgizar hanya tana zubar da ƙullun farantansa, a haɗari kuma abu mai kilo 15 zuwa 25 ya zama jifa.

Mataccen batir ma bai gama aikinsa ba, domin fiye da rabin nauyinsa dalma ce, shi ya sa 'yan gwangwan ke saye da daraja. A Amurka kusan kashi 99 cikin ɗari na irin wannan batir ana sake narka shi a masana'antu masu kariya. Inda ake fasa shi da gatari a tsakar gida, a zubar da asid a ƙasa, a narka dalmar a buɗaɗɗen murhu, ƙurar tana shiga jinin yara ta taɓa ƙwaƙwalwa. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon dalmar tsofaffin batura da ta gauraye da ƙasar da suke wasa a kai. Gubar ɗaya ce da wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, sai dai a can daga duwatsun zinariya ta fito.