Franz Boas da Nazarin Harsunan 'Yan Asalin Amurka ta Arewa

An haifi Franz Boas a garin Minden na ƙasar Jamus a shekarar 1858. Da kimiyyar fiziks ya fara, domin a kanta ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kiel a 1881. A 1883 ya tafi tsibirin Baffin da ke arewacin Kanada don binciken labarin ƙasa, ya zauna shekara guda tare da al'ummar Inuit. Wannan zama ne ya karkato da hankalinsa ga nazarin ɗan'adam da al'adunsa. Daga 1886 ya mayar da himma ga al'ummomin gaɓar tekun British Columbia, musamman waɗanda littattafansa suka kira Kwakiutl, wato Kwakwaka'wakw. Ya zama farfesa a Jami'ar Columbia a 1899, ya rasu a 1942.

A zamaninsa, masana da yawa sun ɗauka cewa harsunan 'yan asalin Amurka ba su da tsayayyun sautuka, saboda baƙi sukan ji kalma ɗaya ta fuskoki dabam-dabam. A wata maƙala ta 1889, Boas ya nuna cewa matsalar tana kunnen mai saurare, wanda ke auna baƙon sauti da ma'aunin harshensa na gado. Haka kuma, a gabatarwar kundin Handbook of American Indian Languages na 1911, ya nemi a bayyana nahawun kowane harshe bisa tsarin kansa, a daina cusa shi cikin ƙirar harsunan Turai.

Hanyar aikinsa ita ce rubuta tatsuniyoyi da tarihi da bayanin sana'o'i daga bakin masu harshen, cikin harshen nasu. A nan ne George Hunt (1854-1933) ya shigo. Hunt ya tashi a Fort Rupert yana jin harshen Kwak'wala, kuma Boas ya koya masa hanyar rubuta shi. Cikin shekaru kusan 40 ya aika wa Boas dubban shafuka, waɗanda su ne tushen littafin Ethnology of the Kwakiutl na 1921. Duk da haka, sunan Boas ne ya shahara, sai daga baya manazarta suka fito da girman aikin Hunt. Tarihin Boas kuma yana da tabo, domin a 1888 ya tone kaburburan mutanen yankin ya kwashi ƙasusuwa don bincike da sayarwa, ba da yardar danginsu ba.

Masu tsara manhajar Hausa suna da abin dubawa a nan. Na farko, a koyar da nahawu daga abin da harshen ya mallaka, kamar karin sauti da tsawon wasali da jinsi da azuzuwan aikatau, maimakon bin jerin darussan Ingilishi. Na biyu, idan an tura ɗalibai tattaro adabin baka, a wajabta musu neman izini tare da rubuta sunan wanda ya ba da labarin da garinsu da ranar da aka ɗauka. A yau jikokin Kwakwaka'wakw suna komawa ga rubuce-rubucen Hunt don farfaɗo da harshensu, wanda masu jin sa suka ragu ƙwarai.