Yadda Asabar ta Sami Gurbi a Jami'o'in Amurka

Asabar ɗin Yahudawa ibada ce ta cikin gida tun kafin ta zama ta majami'a. Ranar Juma'a, saura minti 18 rana ta faɗi, uwar gida ke kunna kyandir biyu. Maigida ya yi addu'a a kan kofin ruwan inabi, a yaye ƙyallen da aka lulluɓe burodi biyu da suke kira halla, iyali su zauna cin abinci. Daga nan har taurari uku su fito bayan faɗuwar ranar Asabar, mai kiyaye doka ba ya rubutu, ba ya kunna wuta, ba ya hawa mota, ba ya ciniki. To, ɗan shekara 18 da ya bar iyayensa ya tare a ɗakin kwanan ɗalibai, wa zai kunna masa kyandir, kuma a teburin wa zai zauna?

A farkon ƙarni na 20 babu mai yi masa ko ɗaya. Tsakanin 1880 da 1924 Yahudawa kusan miliyan biyu suka kwararo Amurka daga Rasha da Poland da maƙwabtansu, 'ya'yansu kuma suka rungumi boko da zafinsa. Yawancin manyan jami'o'in da suka tarar na Kiristoci 'yan Furotesta ne tun daga tushe. Halartar addu'ar coci wajibi ne a Yale har 1926, a Princeton kuwa sai 1964 aka soke shi. Darasi da jarrabawa ranar Asabar da safe ba baƙon abu ba ne. A 1922, da Yahudawa suka haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard, shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya nemi a tsayar da su a kashi 15. Ba a amince a rubuta hakan a doka ba, amma aka bi ta bayan gida, ana tace masu neman gurbi da tambayar asali da "hali". Wanda ke ƙoƙarin kada a gane shi ba zai je ya ce wa malami ba ya rubutu ranar Asabar ba. Ko ƙungiyar Menorah da aka kafa a Harvard a 1906 ta fi karkata ga lacca da muhawara kan tarihi da adabi. Ibada a bar wa gida.

Canjin ya faro ne daga wani gari na manoman masara, kuma Kirista ne ya tayar da maganar. Edward Baldwin, malamin adabin Baibul a Jami'ar Illinois, ya damu da yadda ɗalibansa Yahudawa ba su san littafin kakanninsu ba, har ya kai kuka wurin manyan Yahudawan Chicago. A 1923 wani matashin malamin addini, Benjamin Frankel, ya kama hayar ɗaki a saman shagon aski a garin Champaign, ya raɗa wa wurin sunan Hillel, wani shehin malami da ya rayu a Kudus kimanin shekara dubu biyu da suka wuce. Ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith ta ɗauki nauyin abin a 1925, ya bazu zuwa Wisconsin da Ohio da Michigan. Frankel bai ga girman abin da ya shuka ba, don ya rasu a 1927.

Dabarar da Hillel ta fito da ita ita ce ta fi komai tasiri, a ganina. Yahudawan Amurka sun rabu gida uku: 'yan gargajiya masu tsauri da ake kira Otodoks, masu sassauci da ake kira Rifom, da 'yan tsaka-tsaki. A gari kowa da majami'arsa, ba mai leƙa ta wani. A jami'a kuwa ba su da yawan da za su rabu, ga shi wasu addu'o'in ba sa yiwuwa sai an cika mutum goma. Sai aka saba da tsarin da har yau ake bi a manyan cibiyoyi: kowane ɓangare ya yi addu'arsa a ɗakinsa, wasu maza da mata a haɗe, wasu da labule a tsakani, in an idar duka a taru a zaure ɗaya a ci abinci. Abin da malamai suka kasa sasantawa a littafi, yunwar daren Juma'a ta sasanta shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙofofi suka buɗe. Dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu ta cika jami'o'i, a 1948 aka buɗe Jami'ar Brandeis, wadda ke rufe azuzuwa a manyan ranakun idin Yahudawa, kuma shugabanta na farko, Abram Sachar, tsohon daraktan Hillel ne. Zuwa shekarun 1960 ƙayyade gurbi ya mutu.

Daga nan gwagwarmayar ta koma madafa. Abincin kosha, wato wanda addininsu ya halatta, yana da sharuɗɗa: ba naman alade, yanka sai na mahaucin da ya ƙware a doka, kuma nama da madara ba sa haɗuwa, har tukwane da cokula kowanne da nasa. Ɗalibin da ke kiyaye wannan yakan shekara yana cin kifin gwangwani a ɗaki. Ɗalibai Otodoks suka kafa ƙungiyar Yavneh a 1960, suna matsa wa hukumomi lamba kan abinci da jarrabawar Asabar. A 1971 Princeton, wadda a da ta yi suna wajen ƙyamar Yahudawa, ta buɗe ɗakin cin abincin kosha da kuɗinta.

A 1969 wata ƙungiya ta shigo da salo na daban. Chabad, ɗariƙar da ke da hedkwata a Brooklyn, ta buɗe gidanta na farko kusa da Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a ƙarƙashin Shlomo Cunin. Su ba ofis suke buɗewa ba. Malami ne da matarsa da 'ya'yansu ke tarewa a bakin jami'a, su buɗe ƙofar gidansu, matar ta dafa miyar kaza, kowa ya zo ya ci kyauta ba a tambayarsa ko yana ibada. Sun gane cewa ɗalibi gida yake kewa. A 1994 reshensu na Jami'ar Binghamton ya shirya liyafar Asabar da nufin tara mutum 1,000 a zaure guda, wasu jami'o'i da dama suka kwaikwaya. A shekarar ce kuma Hillel ta ɓalle daga B'nai B'rith ta tsaya da ƙafarta, aka shiga gasa tsakaninta da Chabad. Masu suka na cewa rabin masu zuwa abinci ya kawo su, suna tashi daga tebur sai gidan rawa. Gaskiya ne, amma ba na ganin laifin: a 1922 ko teburin babu.

Kalandar karatu ba ta taɓa daidaita da ta addinin ba. Sabuwar shekarar Yahudawa da azumin Yom Kippur na awa 25 suna faɗowa a Satumba ko Oktoba, ana fara zangon karatu. Kwana biyar bayan azumin sai idin Sukkot, inda ɗalibai ke kafa rumfa mai rufin rassan itace a filin jami'a su yi mako suna cin abinci a ciki. Idin Hanukka na kwana takwas yakan ci karo da jarrabawar Disamba. Duk wanda ya taɓa zana jarrabawa da azumin Ramadan a bakinsa, ko ya yi sallah nesa da gida, ya san irin wannan lissafi. Zamani ma ya ƙaro tasa matsalar: ƙofar ɗakin kwana ta koma buɗewa da katin lantarki, wanda mai tsauri ba ya amfani da shi ranar Asabar, don haka jami'o'i da yawa suke ba irin waɗannan ɗalibai makullin ƙarfe.

Annobar korona ta 2020 ta watse teburin, aka koma raba abinci a kwali. Harin 7 ga Oktoba 2023, wanda ya faɗo ranar Asabar kuma ranar idi, da yaƙin Gaza da ya biyo baya, sun raba kan ɗaliban kansu. A Afrilu 2024 an yi liyafar idin Fesak a cibiyoyin Hillel da Chabad da masu gadi a bakin ƙofa, an kuma yi wata a tantunan masu zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa a Columbia da Yale, inda ɗalibai Yahudawa ne suka jagoranta. Hillel, wadda ta cika shekara 100 a 2023, tana aiki yanzu a jami'o'i sama da 800 a Amurka da wasu ƙasashe.