Dausayin Haɗejiya da Nguru: Tarihin Dokokin da Aka Shimfiɗa a Kansa

A inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa cikin rairayi kafin su haɗe su nufi Tafkin Chadi, akwai wani makeken dausayi da ya ratsa jihohin Jigawa, Yobe da Bauchi. Tun kafin a san takardar fili, mutanen wurin suna da nasu tsarin. Ambaliyar damina ce ke raba aiki. Idan ruwa ya cika, lokacin shinkafa ne da su. Idan ya janye, manomi ya bi laima ya shuka, makiyayi kuma ya gangaro fadama da garkensa ta burtali. Bulama da lawani da sarkin ruwa su ne suka san iyakar kowa.

Rubutacciyar doka ta shigo da zuwan Turawa. A 1910 aka shelanta cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin kulawar gwamna, daga baya kuma hukumomin En'e suka riƙa yanke gandun daji, inda ba a sara ba a noma sai da izini. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙara da dokar mallakar ƙasa a 1962, sannan dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Wadda ta fi tasiri ita ce dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamnan jiha a matsayin amana. A karkara, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo.

Sai dai abin da ya fi sauya dausayin ba a cikinsa aka yi shi ba. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi ya wanke hanyoyinsa sannan ya ƙafe da rani, sai ya koma kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kachala damar mamaye magudanai. Wasu garuruwa ruwa ya kwanta a gonakinsu ya ƙi tafiya, wasu kuma a ƙasa, ta wajen Gashuwa, suka koma jiransa. Kachalar ta zama maɓoyar tsuntsayen janbaki masu cinye hatsi.

A daidai wannan zamani ne sunayen kariya suka fara yawaita. Dausayin masauki ne na tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara lokacin hunturu, abin da ya sa ƙungiyoyin kare muhalli suka kafa shiri na musamman a wurin a 1987. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa da Yobe, gwamnatin tarayya ta kafa gandun ƙasa na yankin Tafkin Chadi, ta sa sashen Bade da Nguru a cikinsa, har da mafakar tsuntsaye ta Dagona. A 2000 tafkin Nguru da magudanar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971. Gandun Baturiya da mafakar Dagona suka biyo baya a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta ayyana yankin cikin wuraren da ake neman rayuwar mutane da ta halittu su tafi tare.

Waɗannan matakai ba ƙarfinsu ɗaya ba. Gandun ƙasa na tarayya ne, yana da ma'aikatan tsaro, kuma an hana farauta da kiwo a cikinsa. Gandun Baturiya a wancan lokaci na jiha ne. Ramsar kuwa alkawari ne na amfani da wuri cikin hikima, ba ta korar manomi ko masunci, ba ta kuma da mai kama wanda ya saɓa. Mutumin ƙauye sau da yawa ba a zaunar da shi an bambance masa ba, sai ya ga an kafa allo.

Duk da haka, wahalar ta tilasta haɗin kai. A 2006 gwamnonin jihohin da kogunan suka ratsa suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da su, al'ummomi kuma suka daɗe suna gayyar sare kachala. Darasin shekarun nan a fili yake: shata iyaka a taswira ba ta raya fadama. Sai an tsara sakin ruwa daga Tiga da Challawa tare da masu noma da su da kiwo a ƙasa, an kuma bar wa makiyayi burtali da mashaya, kafin waɗannan sunaye su amfani tsuntsu ko mutum.