Inna da Dokar Zuwa Gida

Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan buɗe da lissafin zubi da rance da riba. Bana mun ga ya dace mu fara da tarihin wata doka tamu, da matar da ta kawo ta, wato Inna, wadda Allah ya yi wa rasuwa kafin wannan biki. Allah ya jiƙanta da rahama.

Sababbin membobi sukan tambaya: me ya sa ba a cin tarar mace idan ta daina zubi, sai an je gidanta an gan ta ido da ido? To, ga asalin abin.

Inna ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe tana kula da masu taɓin hankali, daga baya ta koma ba da shawara ga masu ciwon damuwa da iyalansu. Uwa ce mai 'ya'ya da jikoki, kuma tana cikin waɗanda suka fara adashin da ya zama ƙungiyar nan. Lokacin da ta kama aiki, dokar 1958 ake bi a Najeriya, wadda aka gada daga Turawan mulki, kuma ta fi ƙarfi wajen tsare mara lafiya a kan yi masa magani. A gidaje kuwa, da an ga sauyi sai a ce aljanu ne ko sammu, a kulle mutum a ɗaki, wani ma har da mari.

Inna takan ba mu labarin Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: mara lafiya ya zauna a ƙauye tare da wani danginsa, yana zuwa asibiti da rana. Abin da ta ɗauka daga nan shi ne, magani ya fi kama jiki idan mutum yana cikin nasa.

Wata shekara, wata 'yar'uwarmu mai jego ta tsallake zubi sau uku. Ranmu ya ɓaci, wallahi har mun fara maganar cire sunanta. Inna ta ce, "Ku dakata tukuna, wace ce a cikinku ta leƙa ta tun ranar suna?" Muka yi tsit. Da ta je, ta tarar yarinyar ba ta barci, ba ta cin abinci, sai kuka, ko jaririn ba ta son ɗauka. A gidan ana cewa kunyar ɗan fari ce. Inna ta zauna da surukar ta ce, "Hajiya, wannan ciwo ne irin na bayan haihuwa, kuma yana da magani. A ci gaba da addu'a, amma gobe mu tafi asibitin Dawanau tare." Aka je. Yau wannan baiwar Allah tana cikinmu, lafiyarta ƙalau. Ba za mu faɗi sunanta ba, don haka Inna ta koya mana.

A taron da ya biyo baya aka rubuta dokar: kafin tara, sai ziyara.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Inna ta yi murna ƙwarai, sai dai ta ce doka ba ta yin sallama a ƙofar gida, sai mutum.

Abin da ke damunmu shi ne, tun da ta kwanta ciwo ziyarar ta ja baya, mun koma aika saƙon waya. Ai saƙo ba ya ganin idon da bai yi barci ba. Saboda haka a taron wata mai zuwa za mu zaɓi mata biyu daga kowace unguwa su riƙe wannan aiki. Wadda ta san tana da kunnen sauraro da bakin riƙe sirri, ta ba sakatariya sunanta.

Allah ya kai haske kabarin Inna, ya albarkaci bayanta, amin.